Kafso a Bakin Kare: Ƙaramin Sani Ƙuƙumi Ne

Gabatarwa

Duk wanda ya san garuruwan da ke bakin iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar ta ɓangaren Sakkwato ya san cewa rayuwar mutanensu a ɗaure take da ta dabbobi. Kalmalo, garin da ya yi suna saboda tafkinsa a Ƙaramar Hukumar Illela, yana ɗaya daga cikin irin waɗannan garuruwa. Ko manomi ne ko makiyayi, ko mafarauci ko ɗan kasuwa, da wuya a shiga gidansa a rasa akuya ko tunkiya ko jaki ko kaji. Idan saniya ta kwanta ciwo, maigida ba ya runtsawa sai ya nemo mata magani, domin ya san abin da za ta yi a kasuwar Illela. Amma akwai dabbobi biyu da ke yi wa al'umma aiki dare da rana, waɗanda ba a sa su cikin lissafin dukiya. Su ne kare da kyanwa, wadda Sakkwatawa ke kira mussa.

Idan ɗayansu ya kamu da ciwo, abu biyu ne yakan same shi. Ko dai a yi watsi da shi har ya mutu, ko kuma a sayo kafso a teburin mai talla a ɗura masa, ba tare da an san abin da ke damunsa ba. Ra'ayin wannan muƙala shi ne, duka hanyoyin biyu kuskure ne, kuma ta biyun, wadda ake yi wa kallon tausayi, tana iya jawo ɓarnar da za ta wuce kan dabbar ta faɗa kan 'ya'yanmu. Kare da kyanwa suna da haƙƙin a yi masu magani, amma maganin kashe ƙwayoyin cuta bai kamata ya shiga bakinsu ba sai da umurnin wanda ya karanci aikin.

Matsayin kare da kyanwa a cikin al'umma

Bahaushe bai ɗauki kare abokin zama ba kamar yadda Bature ya ɗauke shi. Sunansa ma zagi ne. Duk da haka, makiyayi ya san abin da karensa ke yi masa idan dare ya tsala a ruga, mafarauci ya san ba zai kama zomo da ƙafarsa ba, mai lambu a fadama kuma ya san wanda ke yi masa gadin albasa. Kyanwa kuwa ita ce ke tsare rumbu da ɗakin ajiya daga ɓarnar ɓera. Hatsin da ta tsirar a shekara, da za a auna shi, da an ga ta biya kuɗin abincinta har da riba.

Addini ma bai bar mu cikin duhu ba a kan wannan al'amari. An halatta ajiye kare domin farauta da kiwo da gadin gona. Ya zo a hadisi cewa an gafarta wa wani mutum saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, kuma wata mata ta shiga wuta saboda ta tsare kyanwa, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ake bi a ƙasar Hausa, ana ɗaukar duk wani abu mai rai a matsayin mai tsarki. Ashe ke nan wanda ya ajiye dabba tana yi masa hidima, sa'annan ya bar ta da gyambo ƙudaje suna bi, ba shi da wata madogara a al'ada ko a addini.

Abin da maganin ke kashewa da abin da ba ya kashewa

Kafin a ci gaba, ya kamata mai karatu ya fahimci cewa abin da muke kira ƙwayar cuta ba iri ɗaya ba ne. Akwai bakteriya, wato wasu halittu ƙanana masu rayuwar kansu, waɗanda ba a ganinsu sai da madubin likita. Akwai bairos, wanda ya fi bakteriya ƙanƙanta nesa ba kusa ba, kuma ba ya hayayyafa sai a cikin ƙwayoyin jikin wanda ya kama. Akwai kuma tsutsotsin ciki, da ƙwari irin su kaska da ƙuma, da waɗansu halittun da ke shiga cikin jini. Magungunan da ake kira antibayotik, irin su fenisilin da amoksisilin da tetirasaikilin, wanda jama'a suka fi sani da ja da yalo, bakteriya aka yi su domin su kashe ko su hana ta yaɗuwa. Ba su da wani tasiri a kan bairos.

To, waɗanne cututtuka ne suka fi damun karnuka da kyanwoyi a wuri irin Kalmalo? Zawo mai jini da amai da ke kashe 'yan kwikwiyo cikin kwanaki kaɗan, sau da yawa bairos ne mai suna fabo ke kawo shi, kuma allurar rigakafi ce ke tare shi. Ƙazuwar da ke cinye gashin kare har fatarsa ta yi kaushi, wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne ke haƙa rami a cikin fata, maganinsa daban ne. Ramewa da kumburin ciki a wajen ƙananan karnuka, galibi tsutsar ciki ce. Murar kyanwa mai sa atishawa da ruwan ido, mafi yawanta bairos ne. Duk waɗannan, ko an ƙarar da kwalin kafso a kansu, ba a taɓa tushen ciwon ba.

Wannan ba ya nufin babu inda antibayotik ke da amfani. Idan kyanwoyi suka yi faɗa, haƙorin ɗaya yakan cusa bakteriya a ƙarƙashin fatar ɗaya, wurin ya kumbura ya tara mugunya. Karen farauta yakan dawo da rauni mai zurfi. Karya takan kamu da ciwon mahaifa bayan haihuwa. Akwai kuma zazzaɓin da kaska ke sa wa kare, wanda bakteriya ce ke haddasa shi, kuma likitoci sukan ba da doksisaikilin na tsawon kwana 28 kafin a ce an rabu da shi. Sai dai kaskar nan dai tana ɗauke da wata cutar jini ta daban, mai alamomi kusan iri ɗaya, wadda take buƙatar magani na daban. Ta yaya mai tallar magani, wanda bai ga karen ba ma, zai bambance tsakanin biyun? Wanda ya duba jinin a madubi ne kaɗai zai iya.

Illar da ake yi wa dabbar

Kuskure na farko da ake yi shi ne na awo. Ana auna magani ne daidai da nauyin jiki. Kafso mai miligiram 500 an yi shi ne domin baligin mutum mai nauyin kilo 60 ko fiye. Kyanwa kuwa ba ta cika wuce kilo 3 zuwa 4 ba, wato kusan kashi ɗaya cikin ashirin na nauyin mutum. A ɗaya ɓangaren kuma, wanda ya ba babban kare kafso ɗaya yau, ya manta gobe, ya sake ba shi jibi, ya taɓa cutar ne kawai bai kashe ta ba.

Kuskure na biyu shi ne zaton cewa abin da ya yi wa mutum ko saniya amfani zai yi wa kowace dabba. Jikin kyanwa ba ya iya sarrafa farasitamol, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Ibufurofen, wanda mutane ke sha don ciwon jiki, yana sa wa kare gyambon ciki, yana kuma lalata masa ƙoda. A cikin antibayotik ɗin kansu, enrofuloksasin, wanda masu kiwon kaji suka sani, idan ya yi yawa yana makantar da kyanwa, yana kuma ɓata guringuntsin gaɓoɓin kwikwiyon da bai gama girma ba. Jentamaisin yana cutar da ƙoda, musamman ga dabbar da zawo ya riga ya ƙarar wa ruwan jiki. Tetirasaikilin yana rina haƙoran ƙananan dabbobi, allurarsa mai ƙarfi da aka yi domin shanu kuma tana kumbura wurin da aka yi ta. Ko doksisaikilin da likita ya rubuta, idan aka tura wa kyanwa shi a bushe ba a bi shi da ruwa ba, yana iya maƙalewa ya ƙona mata maƙoshi.

Kuskure na uku ya shafi ingancin maganin. A shekarar 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya daga cikin kowane magani goma da ke yawo a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko kuma bai kai ingancin da ake buƙata ba, kuma antibayotik da maganin zazzaɓin cizon sauro suna kan gaba a cikin waɗanda aka fi kamawa. Ko maganin na gaskiya ne, yawancin kwalayen suna ɗauke da gargaɗin kada a ajiye su inda zafi ya wuce digiri 30. A ƙasar Sakkwato kuwa zafin bazara yakan haura digiri 40. Maganin da ya yi makonni a kan tire yana shan rana daga wannan kasuwa zuwa waccan, Allah kaɗai ya san abin da ya rage a cikinsa. Araha dai ba ta ado.

Illar da ke komowa kan mutane

A nan ne babbar maganar take. A shekarar 1928 wani masani ɗan Birtaniya, Alekzanda Filemin, ya gano fenisilin a birnin Landan. Da aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 1945, sai ya yi gargaɗi cewa idan maganin ya zama kowa na iya sayensa a kanti, jahili zai sha abin da bai kai ƙima ba, ya koya wa ƙwayoyin cuta yadda za su jure masa. Abin da ya hango ya tabbata. Yadda abin ke faruwa kuwa shi ne, a cikin miliyoyin bakteriya da ke jikin dabba, akan sami 'yan kaɗan da maganin ba ya yi wa illa sosai. Duk lokacin da aka ba da maganin, masu rauni su mutu, masu taurin kai su saura, fili ya zama nasu, su hayayyafa. Har ila yau bakteriya tana iya miƙa wa 'yar'uwarta wannan dabara ta bijirewa, ko da ba jinsinsu ɗaya ba.

Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya nuna cewa a shekarar 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a duniya kai tsaye saboda bakteriyar da ta daina jin magani. Yankin da abin ya fi ƙamari a cikinsa, idan aka kwatanta da yawan jama'a, shi ne Afirka ta Yamma, inda aka ƙiyasta mutuwar kimanin mutum 27 a cikin kowane mutum 100,000. Wato mu ne a sahun gaba. Saboda girman matsalar ne Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya zauna a kanta a 2016, ya sake zama a 2024. Nijeriya ma ta fitar da shirinta na ƙasa na farko a kan lamarin a 2017.

Mai karatu zai iya tambaya, ina ruwan wannan da karen gida? Amsar ita ce, magungunan da ake ɗura wa kare su ne dai waɗanda ake ba yaro idan ciwon huhu ya kama shi, su ne ake ba mai jego idan zazzaɓi ya rufe ta. Karen kuma a tsakar gida yake kwana, yana kashi a bayan danga inda yara ke wasa, yana shan ruwa a inda awaki ke sha. Kyanwa har kan tabarma take hawa. Masana sun tabbatar da cewa bakteriya mai bijire wa magani tana ratsawa tsakanin dabbobin gida da masu su, ta kowane ɓangare. Gaskiya ne cewa maganin da ake zuba wa kaji da shanu, da wanda mutane ke sha barkatai, ya ninka wanda ake ba karnuka sau da yawa. Amma babu dabbar da ta kai kare da kyanwa cuɗanya da yara, kuma hannun da ya saba ɗura wa kare kafso ba da izini ba, shi ne zai ɗura wa ɗansa. Ɗabi'ar guda ce.

Zaman bakin iyaka ya ƙara wa lamarin nauyi. Tsakanin Illela da Birnin Ƙonni tafiya ce 'yar kaɗan. Garken shanu da karnukan da ke bin su, da magunguna na mutane da na dabbobi, duk suna kai da komo. An rufe iyakar a 2019 aka buɗe ta a ƙarshen 2020, an sake rufe ta a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, amma babu shingen da ya taɓa tsayar da ƙwayar cuta. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Haukan kare

Akwai wuri ɗaya da dogaro da kafso ke kisa kai tsaye, shi ne cizon mahaukacin kare. Mutane da yawa idan kare ya ciji yaro, sai su buɗe ja da yalo su barbaɗa garin a kan raunin, su ɗauka sun gama. Haukan kare bairos ne, babu antibayotik ɗin da ke taɓa shi. Raunin zai warke, hankalin iyaye ya kwanta, cutar kuwa tana bin jijiya a hankali zuwa ƙwaƙwalwa. Bayan wata biyu ko uku, wani lokaci ƙasa da haka ko fiye, sai alamomi su bayyana, kuma da zarar sun bayyana kusan babu mai tsira. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe kimanin mutum 59,000 a kowace shekara, kashi 95 cikin ɗari a Afirka da Asiya, kuma kusan huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15.

Abin da ya wajaba shi ne a wanke wurin cizon nan take da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, sa'annan a garzaya asibiti a nemi allurar rigakafin haukan kare tun a ranar. Karnukan kuma a yi masu tasu rigakafin. Masana sun nuna cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan wani yanki allurar, yaɗuwar cutar takan katse. Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda tarihinta ya faro tun 1924, tana cikin masu sarrafa wannan allura a cikin gida.

Hujjar masu ja da wannan ra'ayi

Wani zai ce wannan magana ce ta 'yan boko. Mutumin da bai iya sayen maganin ɗansa ba, ta ina zai ɗauki kare zuwa asibiti? Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana cikin Sakkwato, fiye da kilomita 80 daga Illela, kuma wane direba ne zai yarda a sa masa kare a mota? Idan an hana talaka kafson da yake iya saya, ba a kuma kawo masa likita ba, ai an ce ya zuba wa dabbarsa ido ke nan har ta mutu.

Wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma bai kamata a raina ta ba. Sai dai akwai abubuwa biyu da ta tsallake. Na farko, yawancin abin da kare da kyanwa ke buƙata ba ya cin kuɗi. Ƙaramin rauni, idan aka aske gashin da ke kewaye da shi, aka riƙa wanke shi da tafasasshen ruwan gishiri da ya huce, aka kare shi daga ƙuda, yakan warke da kansa. Likitocin dabbobi na yau suna koyar da cewa zawo marar tsanani da ƙurajen da ba su wuce saman fata ba, galibi ba su buƙatar antibayotik ko kaɗan. Cire kaska, da tsabtataccen ruwan sha, da maganin tsutsa a kan lokaci, sun fi kwalin kafso amfani. Na biyu, kuɗin da aka kashe a kan maganin da bai dace da ciwon ba asara ce tsantsa, kuma talaka ne ya fi kowa rashin abin da zai yi asara. Gaskiyar da ke cikin hujjar ita ce, laifin bai tsaya a kan mai dabba shi kaɗai ba. Hukuma tana da babban kaso.

Abin da ya kamata a yi

Da farko, ma'aikatan lafiyar dabbobi da ke duba shanu da awaki a kasuwanni da kan iyaka ya kamata a ɗora masu duba kare da kyanwa, a ba su kayan aiki, a kuma sa masu ranar da za su riƙa zagaya garuruwa irin su Kalmalo. Idan an fito rigakafin shanu na shekara, a haɗa da na karnuka, tunda makiyayin da karensa tare suke. Ranar 28 ga Satumba, wadda duniya ta keɓe domin yaƙi da haukan kare, ta dace da irin wannan aiki, kuma zai fi armashi idan hukumomin Illela da na Ƙonni suka yi shi a lokaci guda.

Na biyu, hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993 domin kula da ingancin abinci da magunguna, tare da hukumomin jiha, su mai da hankali ga kasuwannin ƙauye. Antibayotik ba goro ba ne da za a riƙa kasa shi a faranti.

Na uku, mai dabba ya riƙe ƙa'idoji kaɗan. Kada ya ba ta ragowar maganin mutum ko na wata dabba. Idan ta daina cin abinci, ko rauninta ya yi zurfi yana wari, ko tana zubar da jini, ya nemi malamin dabbobi, ko da ta waya ce. Idan an rubuta magani, ya ba da shi daidai awo, daidai lokaci, har iyakar kwanakin da aka ce, kada ya rage don ya ga sauƙi, kada kuma ya ƙara don ya ga saura. Ya wanke hannunsa da sabulu bayan ya taɓa raunin.

Na huɗu ya shafi ɗalibin da ke karanta wannan littafi. Gobe shi ne malamin firamare a ƙauye, kuma a wurare da yawa shi ake kawo wa takardar magani ya karanta. Yaran da ke gabansa su ne ke wasa da 'yan kwikwiyo, su ake aika sayen kafso, su ne kuma kare ya fi ciza. Idan ya koya masu, cikin Hausar da suke ji, bambancin bakteriya da bairos da abin da ake yi idan kare ya ciji mutum, saƙon zai isa gidajen da ma'aikacin lafiya bai taɓa shiga ba. Limamai da masu unguwanni da sarakunan farauta su ma suna da bakin da jama'a ke saurara.

Kammalawa

An ga cewa kare da kyanwa ma'aikata ne a cikin tattalin arzikin karkara, kuma kula da lafiyarsu nauyi ne a kan wanda ya ajiye su. An kuma ga cewa antibayotik yana da iyakar abin da yake warkarwa, yana cutar da dabbar idan an yi kuskuren awo ko na zaɓi, kuma yin amfani da shi barkatai yana dushe kaifinsa a kan cututtukan mutane. Kakanninmu sun rayu a zamanin da ƙaramin rauni ke kai mutum kabari. Magungunan da suka fitar da mu daga wannan hali ba su cika shekara ɗari a hannun jama'a ba, sababbi kuma ba su fitowa da saurin da tsofaffin ke lalacewa. Idan muna son jikokinmu su tarar da su suna aiki, tilas ne mu tsare su tun yanzu, a asibiti da garke da tsakar gida. Rigakafi ya fi magani.